Neman Gurbin Jami'a: Aikin da Bai Kamata a Bar wa Yaro Shi Kaɗai Ba

A shekarar 2025, matasa kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar neman shiga manyan makarantu, wato UTME, a faɗin Najeriya. Da hukumar JAMB ta saki sakamako a watan Mayu, sai aka tarar fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ƙasa ta ɗauki ɗumi, iyaye suka yi ta ƙorafi, har ta kai shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida cikin hawaye, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Ɗalibai kusan 380,000 aka sake wa jarrabawa.

Wannan labari ya karaɗe ko'ina. Amma akwai wata asara da ake tafkawa kowace shekara a gidajenmu, wadda babu gidan rediyon da ke ba da labarinta. Yaro ya yi karatu, ya ci maki mai kyau, gida ya kaure da murna, an yi ta sa masa albarka. Wata uku shiru, wata shida shiru. Sa'o'insa sun yi rajista har sun fara shiga aji, shi yana zaune a ƙofar gida. A ƙarshe sai a yi wa juna jaje da maganar da kunne ya saba da ita: "Sunansa bai fito ba. Ka san abin sai kana da wani a ciki."

Babu mai musun cewa akwai son kai a ƙasar nan. Sai dai duk wanda ya taɓa zama ya bi takardun irin waɗannan yara ɗaya bayan ɗaya ya san sau da yawa matsalar tana wani wurin daban. Wani an haɗa masa darussan da ba su dace da kwas ɗin da yake nema ba. Wani sunan da ke kan sakamakonsa na sakandare ya saɓa da na katin ɗan ƙasa. Wani kuwa gurbin ma an ba shi, yana nan a intanet yana jiran ya danna ya karɓa, bai sani ba har wa'adi ya wuce. Yaro ɗan shekara 17, wanda a gidansu babu wanda ya taɓa bin wannan hanya, shi aka bar wa shawarwarin da za su juya rayuwarsa, shi da mai shagon kwamfuta.

Ƙofofi huɗu, kowace da mabuɗinta

Kafin 1978, kowace jami'a ita ke shirya jarrabawarta ta ɗauki ɗalibanta. Ɗalibi ɗaya yakan samu gurbi a jami'o'i biyu ko uku, wasu kuma su tashi a tutar babu, guraben da aka bari su tafi a banza. Don magance wannan ne gwamnatin soja ta wancan lokaci ta kafa JAMB a 1978. A 1989 aka ƙara mata kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. A 2005 jami'o'i suka fara nasu gwajin bayan na JAMB, wanda aka fi sani da Post-UTME. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama guda. Daga 2015 aka ajiye takarda da fensir kwata-kwata aka koma kwamfuta. A 2017 aka shigo da manhajar CAPS, inda duk wani gurbi zai bi kafin ya zama halastacce, sannan daga 2021 aka wajabta lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN.

Abin da wannan jerin shekaru ke nunawa shi ne, uban da ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero a shekarun 1990 hanyar da ya sani ta shuɗe. Shi kansa yana bukatar ya sake tambaya, balle uban da bai taɓa shiga ba.

Yau ƙofofi huɗu ne a gaban mai neman gurbi. Ta farko sakamakon kammala sakandare: kiredit biyar a darussan da suka dace, ciki har da Turanci, da Lissafi ga mafi yawan kwasa-kwasai, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Ana karɓar na WAEC da NECO da NABTEB, da na hukumar NBAIS mai kula da makarantun Larabci da addinin Musulunci. Ta biyu UTME. Ta uku tantancewar da makarantar da aka zaɓa za ta yi da kanta. Ta huɗu CAPS. Wanda ya wuce uku ya maƙale a ɗaya, da shi da wanda bai fara ba duk a gida za su kwana.

Tun daga aji huɗu ake shuka

Yawancin iyaye sai yaro ya kai ajin ƙarshe suke fara zancen jami'a, alhali babbar shawara an yanke ta shekara biyu da suka wuce, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Sau da yawa ma babu wanda ya yanke ta da gangan: yaro ya bi abokinsa, ko ya bi ra'ayin cewa ajin kimiyya shi ne na masu ƙwaƙwalwa.

Kowane kwas yana da darussan da yake nema. Mai son likitanci a UTME dole ya zauna Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son karatun lauya yana bukatar Adabin Turanci, kuma nan ne yaranmu da dama ke tuntuɓe, domin akwai makarantun sakandare masu yawa da ba su da malamin wannan darasi, wasu ma ba sa yi wa ɗalibai rajistarsa. Yarinya za ta yi shekara uku tana cewa ita lauya za ta zama, sai ranar cika fom ta ji cewa akwai darasin da ba ta taɓa yi ba.

JAMB tana da kundin da ya jera kowane kwas da sharuɗɗansa da ƙarin ƙa'idojin da kowace makaranta ta gindaya, kuma yana nan kyauta a shafinta na intanet da sunan IBASS. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya je makaranta tun ɗansa yana aji huɗu, ya zauna da shugaban makaranta ko malamin ba da shawara, ya ce, "Malam, yaron nan abu kaza yake so, darussan da yake ɗauka za su kai shi?" ya yi wa ɗansa gatan da ya fi kuɗin ƙarin darasi na shekara guda.

Yana da kyau kuma a sani cewa Hausa da Larabci da Nazarin Addinin Musulunci duk darussa ne da ake zaunawa a UTME. Ɗalibin da ya fito daga makarantar Islamiyya mai bin tsarin NBAIS yana da hanyarsa ta shiga jami'a, matuƙar ya haɗa kiredit ɗin da ake nema.

Suna, ranar haihuwa da layin waya

A ƙasar Hausa mutum ɗaya yakan amsa sunaye da yawa, kuma babu wanda abin ke damu. A firamare an rubuta yaro da sunansa da na mahaifinsa. A sakandare an ƙara masa sunan garinsu. Wurin yin katin ɗan ƙasa ya ba da sunan kakansa. Nan an rubuta Muhammad, can Mohammed, wani wurin an taƙaita shi. Ranar haihuwa kuwa, wadda ke kan takardar hukumar ƙidaya daban, wadda aka yi rantsuwa a kotu daban. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san haka ba.

JAMB tana ɗauko suna da ranar haihuwa da jinsi kai tsaye daga bayanan da ke kan NIN. Abin da ke can shi zai hau fom, ya hau takardar gurbi, ya bi yaro har ranar da zai tafi hidimar ƙasa. Don haka aikin farko na gida shi ne a baje takardu a tabarma, takardar haihuwa da ta NIN da ta shaidar ƙaramar hukuma da bayanan da makaranta ta tura wa WAEC ko NECO, a duba harafi bayan harafi. In akwai saɓani, a je ofishin NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, a gyara tun watanni kafin a fara sayar da fom. Gyaran yana cin lokaci, kuma in rajista ta kankama layi yakan yi tsawo.

Sai batun layin waya, wanda ake rainawa. Rajista tana farawa ne da saƙon tes: a rubuta NIN, a bar tazara, a sa lambobi 11 na yaron, a tura zuwa 55019 ko 66019. Za a turo wata lamba ta musamman wadda da ita ake sayen fom. Layin da aka yi wannan da shi ya zama shaidar ɗalibi a wurin JAMB. Ta nan zai duba sakamako, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. Gidaje da yawa sukan yi amfani da layin maƙwabci, ko na wani yayan da zai koma Legas bayan sati biyu, ko na mai shago. Haka adireshin imel: mai shago ya buɗe, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, yaro ya tafi bai ko tambaya ba. Layi ɗaya, ɗalibi ɗaya, kuma a adana shi kamar takardar gona, a riƙa sa masa kati don kada kamfani ya rufe shi. Imel da kalmar sirri a rubuta su a littafi a ajiye wurin uwa ko uba.

Ranar rajista da ranar jarrabawa

Ba a yin rajistar UTME a kowane shagon intanet. Sai a cibiyar da JAMB ta amince da ita, kuma sunayensu suna shafin hukumar. A 2025 jimillar kuɗin ya kama naira 7,200, wanda kuma yake son zama jarrabawar gwaji ya biya 8,700. Wanda ya nemi kuɗin da ya zarce abin da aka sanar, a tambaye shi dalili.

A cibiyar za a ɗauki hoton yaro da zanen yatsunsa goma. Da waɗannan yatsu za a tantance shi ranar jarrabawa, in na'ura ta ƙi gane su ba zai shiga ba. JAMB ta sha yin gargaɗi game da lalle, domin yana rufe zanen yatsa. Wannan gargaɗi namu ne kai tsaye. Lokacin rajista da na jarrabawa sukan faɗo kusa da Sallah ko cikin hidimar biki, kuma yarinya ba za ta so a bar ta a baya ba. Uwa ce za ta tsaya ta ce, "Ke ban da ke bana, sai kin gama jarrabawa." Saurayin da ke aikin gini ko walda ko kanikanci shi ma ya kula da tafin yatsunsa a waɗannan makonni.

Kafin a tura fom, ana nuna wa ɗalibi abin da aka cika don ya duba. Nan ne cunkoso da gajiya da kunya ke sa yaro ya gyaɗa kai bai karanta ba. Ya kamata ya je da takarda daga gida, an rubuta makarantun da aka zaɓa da kwas da darussa huɗu, ya gwada da abin da ke kan allo.

Jarrabawar kanta tambayoyi 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, sauran darussa ukun 40 kowanne. Ga ɗan birni mai wasa da kwamfuta wannan ba komai ba ne. Amma akwai dubban yaranmu na karkara da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta, hannu yana rawa, minti goma sun tafi kafin su natsu. Abin da ake bukata kaɗan ne: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya. Kwana biyu ko uku na gwaji sun isa su kawar da fargabar. Kuɗin jarrabawar gwaji ga irin wannan yaro kuɗi ne da aka kashe a muhallinsa.

Iyaye kuma su san cewa JAMB ta hana su kusantar cibiyoyi lokacin jarrabawa, har ta ba da umarnin kama wanda ya saɓa a 2024. A kai yaro da wuri, a yi masa addu'a, a ja gefe.

Lissafin da ke bayan fitowar suna

Kowace shekara JAMB da shugabannin makarantu da ministan ilimi sukan zauna su tsayar da mafi ƙarancin maki. A zaman Yulin 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi, aka kuma tabbatar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga. Wannan adadi shi ke ruɗar iyaye. Uba ya ji an ce 150 a rediyo, ɗansa kuma ya ci 210, sai ya sakankance. Alhali ma'anarsa kawai ita ce babu jami'ar da za ta ɗauki wanda bai kai haka ba. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma gwargwadon yawan masu nemansa.

Likitanci da haɗa magunguna da jinya da lauya su ne inda ake turmutsitsi. Guraben nan a ƙayyade suke, domin hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i su ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Dubbai na nema, 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka za a ɗauka. A jami'ar guda kuma akwai sassan noma da koyarwa da kimiyyar ƙasa da harsuna da ke neman ɗalibai.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan jihohin da aka ware wa jami'ar a matsayin yankinta, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Jihohin nan 23 ne, kuma duk jihohin Arewa 19 suna ciki. Ke nan ɗan Katsina ko Jigawa ko Zamfara da ya zaɓi jami'ar tarayya da jiharsa ke cikin yankinta yana da damar shiga ta fiye da fuska ɗaya. Wannan tanadi an yi shi ne domin mu, amma iyalai da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba.

Akwai kuma batun zaɓin farko. Manyan jami'o'i irin su ABU da BUK da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri masu nemansu a zaɓin farko ma sun yi musu yawa, ba sa waiwayar wanda ya sa su na biyu. A ɗaya gefen, tun 2011 an buɗe jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, a 2013 aka ƙara na Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, ga kuma na jihohi. Bayan fitowar sakamako JAMB tana buɗe damar canza makaranta ko kwas da kuɗi kaɗan. Nan ake bukatar babba mai faɗin gaskiya. In yaro ya ci 205 yana neman likitanci a Zariya, ƙauna ita ce a zaunar da shi a yi lissafi tare. Iyaye da yawa su ne ke kafewa: "Ni dai likita nake so a gidan nan." Wannan buri mai kyau ne, amma ya zaunar da yara masu hazaƙa shekara uku, huɗu a gida suna maimaita jarrabawa, har karatun ya fice musu daga rai.

Matakin ƙarshe, inda ake sakin jiki

Bayan UTME, makarantar da aka zaɓa za ta buɗe rajistar tantancewa na 'yan makonni. Wasu jarrabawa suke yi, wasu takardu kawai suke dubawa, kowace da yadda take haɗa makinta. Babu wanda zai aiko gida ya sanar. Wanda bai riƙa leƙa shafin makarantar ba, sai ya ji an rufe.

Haka nan yaron da ya cika fom yana jiran sakamakon WAEC ko NECO, dole idan ya fito ya koma cibiyar da aka amince da ita a ɗora shi a shafinsa na JAMB. Ɗora shi a shafin jami'a kaɗai bai wadatar ba. In babu sakamakon a can, ko maki nawa ya ci ba za a ba shi gurbi ba.

Idan makaranta ta zaɓi ɗalibi, JAMB ta amince, gurbin zai bayyana a CAPS, kuma ɗalibin ne da kansa zai karɓa ko ya ƙi cikin wa'adin da aka ɗiba. Wani lokacin makaranta takan ga bai kai makin kwas ɗin da ya nema ba, ta yi masa tayin wani, tayin ya zauna yana jiran amsa. Daga watan da aka fara ba da gurabe, ya kamata gida ya sa rana ɗaya a mako ta duba CAPS.

A wannan lokaci na jira da zullumi ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Saƙo zai shigo a WhatsApp ko Facebook: akwai wani a hedikwata da zai ƙara maki, akwai wani a ofishin rajistara da zai sa suna. Makin UTME ba a ƙara shi, kuma JAMB ta sha kama masu ɗauke da sakamakon bogi ta soke nasu na gaskiyar. Gurbin da aka bayar a bayan fage, ba ta CAPS ba, hukumar ta ce haramtacce ne. Illarsa ba ta bayyana sai bayan shekara huɗu ko biyar, lokacin da ɗalibi ya gama, aka nemi sunansa a kundin JAMB don tura shi hidimar ƙasa aka rasa. Kafin a biya ko sisi na rajista, a tabbata an buga takardar gurbi daga shafin JAMB.

In bana ba ta yi ba

Rashin samun gurbi a shekarar farko ba ƙarshen karatu ba ne, kuma maimaita UTME ba ita kaɗai ce mafita ba. Akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi tun shekarun 1970, wanda ake yi a makarantun share fage irin ta Funtuwa da wasu kwalejojin jihohi. Wanda ya ci da kyau yana neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Haka mai takardar NCE ta kwalejin ilimi, haka mai difiloma ta ƙasa daga kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna ko ta Kazaure. Duk waɗannan ta JAMB suke bi da fom na daban. Akwai kuma jami'ar karatu daga gida, NOUN, mai cibiyoyi a jihohi, wadda ta dace da matar aure da mai sana'a.

Raina kwalejin ilimi da ta jinya da ta kiwon lafiya da muke yi abin takaici ne, a yankin da makarantun firamare ke kukan rashin malamai, asibitocin karkara ke neman ungozoma ido rufe. Abin lura kawai shi ne a bincika cewa makarantar da kwas ɗin suna da amincewar hukuma, domin makarantun kiwon lafiya na bogi sun yawaita a garuruwanmu.

Kuɗin karatu

Tun 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, ga kuɗin ɗaki da abinci da mota. Akwai yaran da suka tsallake duk ƙofofin nan huɗu, kuɗi ya mayar da su gida. Gidan da ya fara tanadi tun ranar sayen fom, ko da adashi ne ko ɗan tunkiya da aka ware, ya fi wanda zai fara buga waya ana saura kwana biyar a rufe rajista.

A watan Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lamunin ɗalibai, asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema a watan Mayun shekarar. Ɗaliban makarantun gwamnati ne ke nema. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ke da muhimmanci ga iyayen da ke gudun riba, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, ya kamata a zauna a fahimce shi kafin a ɗauka. Daga cikin abin da ake nema akwai lambar JAMB da NIN da lambar banki ta BVN, ke nan gyaran takardun da aka yi tun farko nan ma zai yi rana. Jihohi kuma suna da hukumomin ba da tallafin karatu, waɗanda ke neman takardar shaidar ƙaramar hukuma.

Wa zai riƙe hannun yaron?

Duk abin da aka zayyana a nan babu sirri a cikinsa. Amma a rubuce yake da Turanci, a intanet, a warwatse. Ɗan malamin jami'a yana jin sa a gida tun yana ƙarami. Ɗiyar manomi a ƙauyen Sakkwato ko Yobe, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu, ba ta da wanda za ta tambaya. Ita kuma ba ta da shekarun jira irin na ɗan'uwanta namiji: in shekara ɗaya ta wuce ba ta samu ba, a gidaje da yawa maganar karatu ta rufe ke nan. Kuskuren minti biyar a wurin cika fom yakan zama sanadin rasa malama ko ma'aikaciyar jinyar da garin nan ke bukata.

'Yan siyasa da masu hali sukan sayi fom ɗari ko dubu su raba, kuma Allah ya saka musu. Sai dai fom shi ne mafi arha a cikin tafiyar. Wanda ya raba fom bai sa mai bin diddigin yaran har zuwa CAPS ba, ya yi rabin aiki. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa, da na tsofaffin ɗalibai, da kwamitocin masallatai da majami'u, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, kowace tana iya ware mutum biyu ko uku da suka san hanya, su zauna da 'yan aji shida da iyayensu sau uku a shekara: kafin rajista, bayan fitowar sakamako, da lokacin ba da gurabe. Gidajen rediyonmu da ake saurare har rugage suna iya ware rabin awa a mako su yi wannan bayani da Hausa. Gwamnatocin jihohi su farfaɗo da ofishin malamin ba da shawara a makarantun sakandare, su kai cibiyoyin kwamfuta ƙananan hukumomin da yaransu ke tafiya mai nisa don zama jarrabawa.

Uwa ko uban da bai yi boko ba shi ma yana da rawar takawa, kuma babba ce. Ba sai ya iya karatu ba kafin ya tambaya: "An duba sunan ya yi daidai? Ina layin wayar? An ɗora sakamakon? Wannan satin an duba?" Matambayi ba ya ɓata. Duk wanda Allah ya ba ikon ratsa jami'a kuwa, akwai haƙƙin unguwa a kansa. Kafin a fara sayar da fom na baɗi, ya nemi yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a dangi ko maƙwabta, ya karɓi takardunsu ya duba, ya raka su har ranar da za a buga musu takardar gurbi.